Wata uku ina sayen kaya, ashe wayar at ce ta ruɓe

Tun tsakiyar damina motata ta fara wasu abubuwa kamar mai aljanu. 'Yar Kwatano ce, ƙirar 2008, shekara huɗu tana hannuna ba ta taɓa ba ni kunya ba. Sai ga shi in na taka birki da daddare fitilun gaba su dusashe, in na kunna fitila kuma allurar zafin inji ta haura alhali injin lafiyarsa ƙalau. Waifa tana tafiya kamar mai jin barci. Da safe in murɗa makulli in ji "ƙas, ƙas", shi ke nan. Yaran layinmu har sun saba, da sun ga na ɗaga bonet sai su taho turi.

Mai wayarin na farko ya ce batir ne, na sayi sabo, kwana biyar aka koma gidan jiya. Na biyu ya ce altaneta ce, wato mai yi wa batir caji, muka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa muka ɗauko wata. Na uku ko mita bai ɗauko ba, ya goga waya a jikin ƙarfe ya ga tartsatsi, ya ce ƙwaƙwalwar motar ce ta tafi, wato kwamfutar da ke sarrafa injin. Da na ji kuɗinta sai na ce a dakata tukuna.

Wani abokin aikina ne ya tura ni wurin wani matashi mai duba mota da kwamfuta. Na je ba da wata fata ba, don na sha jin masu cewa na'urar tana faɗa maka ciwon mota kamar boka. Ya jona ta a wani soket mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda ake kira OBD2, irin wanda Amurka ta wajabta wa motoci tun 1996. Lambobi suka fito har guda bakwai, ciki da P0562. Na tambaye shi, ya ce wannan tana nufin wuta ta yi ƙasa a motar, amma ba ta ce ga dalili ba. "Alhaji, abu bakwai ba sa lalacewa rana ɗaya. Wuri guda suka haɗu, shi za mu nema."

Daga nan ya ajiye kwamfutar ya ɗauko mita, kuma a nan na san kuɗina bai tafi a banza ba. Da mota a kashe batir ya ba da volt 12.6, da aka tayar da inji ya ba da 14.1, wato batir da caji duk lafiya. Sai ya ɗora tsinken mita ɗaya a kan nagetif na batir, ɗayan a jikin inji, ya ce in murɗa makulli. Mita ta nuna kusan volt 2 na ɓacewa a hanya, wurin da bai kamata ta kai ko rabin ɗaya ba. Bai ce komai ba, ya jawo kebul ɗin jona batir ya haɗa nagetif ɗin kai tsaye da inji. Murɗawa ɗaya mota ta tashi, fitilu tar. Wayar at ɗin da ke mayar da wuta daga inji da bodi zuwa batir ce. Daga waje ba ka ganin komai, amma da ya yanka robar sai ga tagullar ta zama kore, tana marmashewa a yatsa kamar busasshen kuka. Tun da hanyar komawar ta toshe, wuta ta riƙa neman mafita ta ƙananan wayoyin fitila da na dashbod, shi ya sa kowane abu ke shiga harkar ɗan'uwansa.

Bai tsaya nan ba. Ya kashe motar, ya auna wutar da take sha tana ajiye, ya tarar ta ninka abin da ya kamata sau da yawa. Ya bi fiyus yana zarewa ɗaya bayan ɗaya har ya kai kan na rediyo. Ashe wanda ya sa mini rediyo bara ya jona ta ne a layin da ba ya mutuwa ko an zare makulli, kuma maimakon fiyus mai lamba 10 sai ya lanƙwasa zaren tagulla ya cusa. Allah ne kawai ya tsare ba ta kama da wuta ba.

Inda ban ji daɗi ba: na isa ƙarfe tara, ba a taɓa motar ba sai bayan azahar, ga wurin babu rumfar kirki. Kuɗin dubawa kaɗai ya fi abin da masu wayarin biyun farko suka karɓa a haɗe, kuma sai ka biya kafin a jona na'ura. Sannan ya goge lambobin tun ban ɗauke su a waya ba, alhali na so in ajiye. Yaransa ma sun bar mini shatin baƙin mai a kujera.

Duk da haka zan koma, har na tura mutum biyu. Mako shida ke nan ban ɗaga bonet da safe ba. Tsohuwar altanetar da aka cire mini kuwa na kai masa ya gwada, lafiyarta lau. Tana nan a sito kusa da tsohon batir.