Pro Cycling Manager: Wasan Kwamfutar Da Ke Koyar Da Adashen Iska

Duk wanda ya taɓa kallon tseren keke a talabijin yana mamakin abin da ke sa 'yan ƙungiyoyi masu hamayya da juna su riƙa karɓa-karɓar jan gaba, zai sami amsa a Pro Cycling Manager, wasan kwamfutar da kamfanin Cyanide na Faransa ke fitar da sabon zubinsa kowace shekara. Mai wasa yana zama a kujerar shugaban ƙungiya ne, yana ba 'yan tserensa 8 umarni a gasa irin Tour de France mai zango 21.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne yadda wasan ya ɗauki iska da muhimmanci. Na gaba shi ke sara iska da ƙirjinsa, wanda ya lafe a bayansa kuwa wahalarsa tana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Saboda haka idan mutum biyar suka ɓalle daga ayari, dole su yi adashe, kowa ya ja na ɗan lokaci ya koma baya ya huta, ko da kuwa ba sa ga maciji da juna. Na taɓa hana ɗan tserena zuba nasa, ina kallon layin ƙarfinsa a gefen allo ina murnar bai ragu ba, sai tafiyar ta yi sanyi, ayari ya haɗiye mu gaba ɗaya saura kilomita kaɗan. A ranar na gane cewa rowa tana da farashi, kamar yadda yawan kyauta ke sa mutum ya isa ƙarshe ba shi da ƙafar fafatawa.

Wannan ba ƙirƙirar waɗanda suka tsara wasan ba ce. A gasar Vuelta ta Sifaniya a 2016, a zangon Formigal, Alberto Contador ya kai farmaki tun da aka tashi, Nairo Quintana ya bi shi, ƙungiyoyinsu na Tinkoff da Movistar suka haɗa ƙarfi har Chris Froome, babban abokin hamayyar Quintana, ya yi asarar fiye da minti 2. Quintana ne ya lashe gasar.

Hidimar cikin gida ma an kwaikwaye ta da kyau, domin za ka tura ɗan tsere ya koma motar ƙungiya ya ɗebo wa 'yan uwansa gorunan ruwa, ka sa wani ya kare madugu daga iska har gindin dutse. Abin da kwamfuta ba ta iya kamawa shi ne maganar da ake yi a kan sirdi, da alkawari, da tsohuwar gaba.

Wasan yana bukatar haƙuri, ga alkaluma da maɓallai masu yawa. Shawarata ga sabon shiga ita ce ya fara da tseren kwana ɗaya, ya tura mutum ɗaya cikin masu ɓallewa, ya zuba ido ya ga wanda zai fara ƙin ja.