Shagon tsofaffin littattafai a Yaba

Shagon ƙanƙane ne, kusa da kasuwar Tejuosho a Legas, ga zafi ga ƙura, fankar ma ba ta juyawa. Amma duk mai neman littafi kan yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970 ya leƙa, domin dattijon da ke wurin ya ware masa kanta guda.

Da na ce masa ƙagaggen labari nake so, sai ya ce, "Malam, na jarumai ko na matsorata?" Ya miƙo min wani da bangonsa ya yage, wai duka biyun suna ciki. Bai yi ƙarya ba. Labarin ya bi sojoji uku na runduna ta 2, wadda Murtala Muhammed ya jagoranta, lokacin yunƙurin tsallaka kogin Neja daga Asaba zuwa Onitsha a Oktoban 1967, inda aka yi asarar rayuka sosai. Sajen mai cika baki ne ya fara jefar da bindiga. Kurtun da kowa ya raina shi ya goyo abokinsa har gaɓa, kuma daga baya bai tona asirin sajen ba. Wannan rufin asirin ya fi harbe-harben taɓa ni.

Farashi da sauƙi, ana kuma yin ciniki. Sai dai ka duba shafuka kafin ka biya, nawa ruwa ya taɓa ƙarshensa. Ba ya karɓar tiransifa, kuma littafin Hausa ko ɗaya babu, abin da 'yan'uwanmu na Agege da Idi-Araba za su ji haushi.