Lasisi ko koci: hanya biyu ga mai sauya jinsi

A Ƙofar Ƙaura muka zauna da yayata, malamar ilimin halayyar ɗan Adam, take ba ni labarin wata da ta sani a Amurka, wadda ta sauya jinsi kuma take son sana'ar kula da masu damuwa. "Ƙanina," ta ce, "hanya biyu ce gabanta, kowacce da ƙayarta."

Ta lasisi doguwa ce. Sai an yi digiri na biyu, sannan aiki ƙarƙashin mai sa ido. A Kaliforniya awa 3,000 ake nema. Nan gizo ke saƙar. Takardar digiri na ɗauke da tsohon suna, katin shaida da sabo, duk ofishin da ta shiga sai ta sake bayanin kanta. Mai sa idon kuma shi ke sa hannu a kan awannin, in bai so ganinta ba sai ya yi ta ja mata rai. Ga bashin makaranta. Amma in ta samu, kamfanin inshora na iya biyan kuɗin zaman da take yi da masu damuwa, doka kuma ta san da ita.

Koci kuwa, wato mai ba mutane shawara kan yadda za su tafiyar da rayuwarsu, ba ya buƙatar lasisi. Waya da intanet sun isa, gobe ma ta fara. Sai dai ba ta da hurumin gano cuta ko magance ta, kuma mai zuwa daga aljihunsa zai biya.

Ni dai na fi karkata ga lasisi. Yaya ta girgiza kai, ta ce wanda haya ke bi ba ya jiran shekara biyar.