Mai Taya ko Mai Sarƙa: Wace Tsohuwar Motar Sulke Za a Fara Saya?

Masu sha'awar tara tsofaffin motocin yaƙi sun sha tambayata wadda ta fi dacewa a fara da ita, mai taya irin Ferret ko mai sarƙa irin FV432, dukansu ƙirar Birtaniya.

Ferret, wadda aka ƙera daga 1952 zuwa 1971, nauyinta kusan tan 4 ne, tana shiga gareji, kuma duk bakaniken da ya san tsohon injin fetur zai iya da injinta na Rolls-Royce. Matsalarta ita ce matsi, domin direba yana leƙen hanya ne ta 'yar taga.

FV432 kuwa ta kai tan 15, kuma a nan ɗawainiyar take. Sarƙarta tana bukatar ɗauri akai-akai, robobin ƙasanta suna cinyewa a kan kwalta, sauya gaɓa guda aikin guduma ne da gumi, sannan tafiya mai nisa sai an ɗauko tirela. Sai dai a cikin laka babu mai taya da ke kama ƙafarta.

Mai aiki shi kaɗai da ke son fita baje koli ya nemi Ferret. Mai fili da abokan aiki da haƙuri, FV432 ce tasa.