NBC ko BBC: wa ya fi iya sharhin wasan alkafura?

Ɗan'uwa, tambayarka biyu ce a haɗe: tsakanin masu sharhin NBC ta Amurka da na BBC ta Ingila, wa ya fi amfanar sabon mai kallon jimnastik, wato wasan alkafura na Olamfik, kuma me ya sa kowa da yadda yake kiran sunayen salon wasan? A ganina, idan labari kake so, nemi NBC. Idan wasan kake son ganewa, nemi BBC. Wajen kiran sunaye kuwa, duk kanwar ja ce.

Hoton gasar kansa kusan ɗaya ne, domin kamfanin OBS na kwamitin Olamfik ne ke ɗauka ya raba wa tashoshin duniya. Bambancin yana ga abin da kowace tasha ta zaɓa ta nuna da abin da take faɗa a kai.

NBC ke nuna Olamfik ta bazara a Amurka tun 1988, kuma wasan alkafura na mata na cikin manyan hajojinta. Shekara da shekaru, sai a naɗi wasan a ajiye, a yanyanka, a saka shi da daddare lokacin da iyalai suka hallara gaban talabijin. Wata 'yar China na can tana shawagi a kan sanda, amma kyamara na kan 'yar Amurka tana shafa farin gari a tafin hannu, mai sharhi na ba ka tarihin raunin da ta taɓa ji. Gasar da mutum 24 ke fafatawa, kana iya tashi ba ka ga wasan rabinsu ba. Ba rashin sani ba ne. Cikin waɗanda suka yi wa NBC sharhi, Tim Daggett ya ci zinare da tawagar Amurka a 1984, Nastia Liukin kuma ita ce gwarzuwar Beijin a 2008. Sun san wasan ciki da bai, sai dai aikin da aka ɗora musu shi ne tsinka zuciyar mai kallo, shi ya sa ƙafa na ɗan gocewa za a kwarma ihu. Wannan kutsawa cikin rayuwar 'yan wasa ta taɓa ja musu surutu a 2016, lokacin da mai sharhinsu Al Trautwig ya dage cewa kakan 'yar wasan Amurka Simone Biles da matarsa, waɗanda suka riƙe ta bisa doka tun tana ƙarama, ba iyayenta ba ne. Sai da ya ba da haƙuri. Amma a gasar Paris ta 2024 an sami sauyi: an nuna komai kai tsaye ta Peacock, kafar NBC ta intanet, kuma mai sharhi Laurie Hernandez, wadda ta ci zinare da tawagar Amurka a 2016, ta yi bayani mai gamsarwa.

A BBC, muryar da na fi so ita ce ta Christine Still, domin mai horarwa ce, kuma da idon mai horarwa take kallo. Za ta ce maka ƙafafu sun rabu a sama, gwiwa ta lanƙwashe, saukar ta zo da taku. Wannan shi ne abin da sabon mai kallo ke bukata, tunda an daina ba da maki 10 cif tun 2006. Yanzu maki biyu ake haɗawa: na wuyar abin da aka yi, wanda ba shi da iyaka, da na tsabtar yinsa, wanda ke farawa daga 10 ana zaftarewa. Ɗan taku a sauka 0.1 ne, babban taku 0.3, faɗuwa maki guda cur. Wanda bai san haka ba zai ga wadda ta faɗi ta doke wadda ba ta faɗi ba, ya rantse an yi maguɗi. Su ma dai ba a raba su da son nasu. Ranar da ɗan ƙasarsu Max Whitlock ya ci zinare biyu a Rio a 2016, mai sharhinsu Matt Baker ya kusa fasa makirufo. Kuma tun gasar Tokyo, yarjejeniyarsu da kamfanin Discovery ta taƙaita musu wasanni biyu kacal kai tsaye a lokaci guda.

To, sai batun sunaye. Ƙa'ida ce a wasan nan: wanda ya fara yin wani salo lafiya lau a babbar gasa, da sunansa za a shigar da shi littafin ƙa'idoji. Biles kaɗai tana da guda biyar. Saboda haka mai sharhi zai ratsa Rashanci da Japananci da Jamusanci cikin daƙiƙa arba'in, kuma yawanci da harshen Turanci yake murɗe su.

Ɗauki Yurchenko, salon da ake juyowa da baya a dafa teburin tsalle, wanda Natalia Yurchenko ta Tarayyar Sobiyet ta fito da shi a 1982. A gidansu a kan "Yur" ake ɗora nauyin murya. Amurkawa da Ingilawa duk a kan "cen" suke ɗorawa. Tkachev, inda ɗan wasa ke sakin sanda ya tsallake ta da baya ya sake cafkewa, a Rashanci "Tkacof" ne, amma "Takaceb" za ka ji. Tsukahara ta Mitsuo Tsukahara na Japan kuwa, Bature sai ya yar da "t" ɗin ya ce "Sukahara", har ya gutsure ta ta koma "Suk". A nan Bahaushe ya fi su sa'a, don bakin da ya saba da tsuntsu da tsutsa ba zai rasa mafarin sunan ba, ko da yake namu "ts" ɗin ya fi na Japanawa ƙarfi. Sunayen Jamus da Hangare sun fi tsira a bakin ƙwararrun tashoshin biyu: Jaeger "Yega" ne, Gienger "Ginga", Kovacs kuma "Kobac".

Sunayen 'yan wasan ma ba su sha ba. Nadia Comaneci, wadda ta ci maki 10 a Montreal a 1976 har allo ya nuna 1.00 don ba a ƙera shi ya ɗauki lambobi huɗu ba, a Romaniya "Komanec" ake ce mata. Rebeca Andrade a bakin 'yan Barazil "Hebeka Andaraji" ce. Qiu Qiyuan ta China kusa da "Ciyu Ciyuwan" ake kiranta, ba da "k" ba.

Idan kana son gwada su da kanka, nemi wasan ƙarshe na sanduna biyu na mata a Paris 2024. A nan Kaylia Nemour ta Aljeriya ta sami 15.700, ta doke Qiu mai 15.500, ta zama ta farko daga Afirka da ta ci lambar Olamfik a wannan wasa. Sunisa Lee ta Amurka ce ta uku. Ka saurari kowace tasha, ka lura da wadda aka fi ɓata lokaci a kanta a cikin ukun, da kuma wanda ya tsaya ya gaya maka daga ina ratar 0.2 ɗin ta fito.