Takalmin gudu ga wanda ya haura arba'in: wanda zan sake saya da waɗanda na haƙura da su

Shekaruna 47, kuma shekara tara ke nan ina gudun dogon zango. Lokacin da nake samu ƙanƙane ne: minti hamsin da sassafe kafin yara su tashi, sau uku a mako, sai dogon gudu ɗaya a ƙarshen mako idan babu uzuri a gida ko aikin da ya biyo ni daga ofis. Mai irin wannan rayuwa nake wa magana. Saurayi ɗan shekara 22 da ke neman lambar yabo yana da nasa lissafin. Mu idan ƙafa ta samu matsala, ba gudu kaɗai muke rasawa ba. Kai yara makaranta, tsayuwa a wurin aiki, hawa bene, ɗaukar ƙaramin yaro da ya yi barci a kujera, duk sai sun gagara ko a yi su ana cije leɓe.

Tun daga farko zan faɗi wanda nake so: takalmin gudun yau da kullum, wanda ba shi da wani abin burgewa. Kusan kowane babban kamfani yana da irinsa. Nike na da Pegasus tun 1983, Brooks na da Ghost, Saucony na da Ride, New Balance na da 880. Ni Ghost ne ya zauna wa ƙafata, na kashe ƙafa biyar nasa, amma duk 'yan gida ɗaya ne. Sosonsu matsakaici ne, bai yi laushin da ƙafa za ta nutse ba, bai yi taurin da za ka ji kwalta a ƙashinka ba. Ƙasansu shimfiɗe yake da roba mai kauri, shi ya sa suke jure kilomita 500 zuwa 800 kafin su gaji. Gindinsu yana da faɗi, don haka ranar da ka fito da gajiyar jiya, ba ka yi barcin kirki ba saboda yaro ya kwana da zazzaɓi, takunka ya karkace, takalmin zai riƙe ka. Da shi za ka yi sassarfar kilomita 5 ranar aiki, da shi za ka yi 18 a ƙarshen mako, da shi kuma za ka shiga gasar kilomita 21 ka gama lafiya. Mutumin da kuɗin makaranta da na haya ke jiransa ba ya buƙatar takalma huɗu, kowanne da ranarsa.

Abin da ya fi ɗaure ni da wannan rukuni shi ne yawancinsu ana yin su da faɗi daban-daban. Na maza D ne gama-gari, 2E mai faɗi, wasu har 4E mai faɗi sosai. Na mata B ne gama-gari, D kuma mai faɗi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a shekarunmu, domin ƙafa tana ƙara bajewa da girma, kitsen da ke ƙarƙashin dunduniya kuma yana raguwa. Lambar da kake sawa kana ɗan talatin ba lalle ta yi maka yanzu ba. Na yi shekara biyu farcen babban yatsana yana baƙi yana fita, ina ɗora laifin a kan nisan gudu, ashe faɗi ne bai ishe ni ba. Ranar da na koma 2E maganar ta mutu. Ka gwada takalmi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da kake gudu da ita, ka bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin takalmin. Kuma ka gwada duka ƙafa biyu, don da wuya su zama daidai wa daida.

Takalmin tsere mai faifan kabon a cikin soso shi ne ke jan idon kowa tun da Nike ta fito da Vaporfly a 2017. Ba ƙarya ba ne, yana aiki. Binciken da aka yi a Jami'ar Colorado ya nuna yana rage ƙarfin da mai gudu ke kashewa da kusan kashi 4 cikin 100, kuma da ɗan'uwansa Alphafly ne Eliud Kipchoge ya yi gudun famfalaki na kilomita 42.195 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Vienna a watan Oktoban 2019. Har sai da hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta kafa doka a farkon 2020 cewa kaurin ƙasan takalmin tseren titi kada ya wuce milimita 40, faifan kuma kada ya wuce ɗaya. Sai dai ƙwararrun masu gudu aka gwada a wancan bincike, masu saurin da ni da kai ba ma yi. Ga tsada, ga saurin cinyewa, ga dunduniya siririya mai tangaɗi idan ana tafiya a hankali. In kana da gasar da ka sa wa rai kuma aljihu ya yarda, saya ka ajiye don ita. Amma kada ya zama takalminka na farko.

Takalmin jeji mai haƙora a ƙasa, in dai a kwalta kake gudu, ba naka ba ne. Masu tulin soso irin na kamfanin Hoka suna da masoya, musamman masu jiki. Ni ji nake ƙasa ta yi mini nisa. Takalmin da ake cewa yana gyara takun mai shimfiɗaɗɗiyar ƙafa kuwa, kada wani ya kalli sawunka ya yanke maka hukunci. A Danmak an bi sababbin masu gudu 927 tsawon shekara guda, kowa sanye da takalmi gama-gari, ba a ga waɗanda ƙafarsu ke ɗan karkata ciki sun fi saura jin rauni ba. In likita ne ya ce ka sa, ka sa. In ba haka ba, wanda ka ji ya fi maka daɗi a ƙafa shi ne naka.

Akwai wata lamba da ban san da ita ba sai da ta kwantar da ni, wato gangaren takalmi: bambancin tudu tsakanin dunduniya da wajen yatsu. Wasu milimita 12 ne, wasu 8, wasu 4, wasu kuma sifili, a baje suke kamar kana tsaye ba takalmi. Idan gangaren ya yi ƙasa, aiki yana komawa kan agara da sharaɓa. Idan ya yi sama, gwiwa ce ke ɗaukar kaso mafi yawa. Babu wanda ya fi wani a kan kansa, sauyin gaggawa ne ke kayar da mutum.

Ina ɗan shekara 42 na kamu da son takalmi marar tudu. Na karanta labarin Abebe Bikila na Habasha, wanda ya lashe gudun famfalaki na gasar Olamfik a birnin Rum a 1960 ba takalmi a ƙafarsa, na ce ai haka Allah ya halicci ƙafa. Abin da ban yi tunani ba shi ne Bikila da haka ya tashi, ni kuwa na yi shekara ashirin a takalmin ofis mai dunduniya. Na ajiye mai milimita 10 na ɗauki mai sifili rana ɗaya, ban rage ko kilomita ɗaya ba. A mako na uku na sauko daga gado da safe, ina taka ƙasa na ji kamar an soka mini allura a bayan idon sawu. Da dafa bango na isa banɗaki. Autarmu tana da shekara uku a lokacin, ta miƙo hannu in ɗauke ta mu sauka ƙasa kamar kullum, na ce ta jira mamanta. Mako goma sha ɗaya ban yi gudu ba, kuma kai yara da ɗauko su duk ya koma kan matata, ga nata aikin. Jijiyar agara ba ta samun jini sosai, shi ya sa take jinkirin warkewa, kuma shekaru ba sa taimaka mata. Ba ni kaɗai wannan yayi ya ɗiba ba: a 2014 kamfanin Vibram ya amince ya biya dala miliyan 3.75 a Amurka don kashe ƙarar da aka shigar kan amfanin lafiyar da ya ce takalminsa mai yatsu biyar yana da shi. Yanzu kafin in duba launi, gangare nake dubawa. Tsakanin 8 da 12 nake zama. Duk mai son sauka ƙasa da haka, ya yi a hankali cikin watanni, yana haɗawa da tsohon takalminsa.

Sai maganar jabu, wadda ta fi duk abin da na faɗa muhimmanci, domin zaɓin da ka yi bai da amfani idan abin da ya iso hannunka ba shi ba ne. Wani rahoton 2019 na OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, ya nuna takalma su ne kashi 22 cikin 100 na darajar jabun kayan da aka kama a duniya, sun fi kowane irin kaya. Ni ma na taɓa faɗawa. Wani shafi a intanet, hotuna tsaf, ragi mai yawa, aka rubuta saura ƙafa uku. Araha ba ta ado, na sani, amma na saya. Da ido ba ka cewa komai. Bayan kilomita kamar 60 gwiwata ta dama ta fara ciwo, na ɗora takalmin a kan tebur na duba ta baya, sai na ga ƙafar dama ta kwanta gefe guda, soson ya lotse bai dawo ba. Masu jabu sun iya kwaikwayon sama, launi da tambari da ɗinki. Soson ne ba sa kashe wa kuɗi, alhali shi ne takalmin.

Idan kaya ya iso, fara da lambar samfur da ke jikin ƙyallen cikin harshen takalmin. Dole ta yi daidai da wadda ke jikin kwali, kuma idan ka neme ta a shafin kamfanin ta fito da wannan takalmi da wannan launi, ba wani ba. Shinshina ciki: warin gam mai hawa kai alama ce. Zaro shimfiɗar ciki ka duba ɗinkin ƙarƙashinta, nan ne suke sakaci don sun san ba a dubawa. Kamfanoni suna rubuta nauyin takalmi a shafinsu, to ɗora shi a sikeli. Lamba tana sauya nauyi kaɗan, amma babban bambanci ba lafiya ba. Danna soson da babban yatsa, na gaske yana turo ka. Ka yi hattara da mai sayarwar da ke da kowace lamba da kowane launi na samfurin da ya ƙare a ko'ina, da wanda ba ya karɓar mayarwa, da wanda ya ce kayan kamfani ne da suka fito ta bayan gida, da shafin da sunansa ya yi kama da na kamfani amma an ƙara harafi ko kalma. Akwai kuma masu wanke takalmin da ya riga ya ci kilomita ɗaruruwa su ce sau biyu aka sa. Juya ƙasansa: idan zanen robar ya shafe a gefen dunduniya, ko soson ya yi tamoji a gefe, ya gama aikinsa ko da samansa na ƙyalli.

Hanyar samun rangwame ta halal ita ce samfurin bara. Kusan kowace shekara ake fito da sabo, tsohon ya sauko, bambancinsu kuma sau da yawa bai taka kara ya karya ba. A wurin dillalin da kamfanin ya amince da shi nake saya, in na samu hali ƙafa biyu, ina musanya su. Wani bincike a Luksamburg kan masu gudu 264 ya gano masu musanya takalma sun fi ƙarancin rauni da kashi 39 cikin 100, kodayake a can takalma mabambanta ake nufi, don haka na biyun nakan ɗauko shi daga wani kamfani mai gangare kusa da na farko. Ranar da na fara sa sabo, ina rubuta kwanan wata da biro a ƙarƙashin shimfiɗar ciki. Ina yin kusan kilomita 40 a mako, don haka bayan wata huɗu zuwa biyar na gudu a kansa nake fara dubawa ko lokacin sauyi ya yi. In kuma akwai gasa a gaba, ba a fafe gora ranar tafiya: sai sabon ya yi aƙalla dogon gudu biyu a ƙafata kafin in yarda in tsaya da shi a layin farawa.