Sati bakwai da Windows 11 a shagon taifin

Kwamfuta shida gare ni a shago, kuma guda ɗaya tak ce ta cika sharuɗɗan Windows 11. Da wannan zan fara, domin duk abin da zan faɗa, na yabo ko na suka, a kan wannan guda ɗayar na gan shi, a gwajin da na yi a 2021 kafin Windows 11 ya fito ga kowa. Shagon buga takardu ne a nan Kano, kusa da wata makarantar gaba da sakandare. Aikinmu taifin ɗin furojet na ɗalibai, katin biki, takardar neman aiki, fotokwafi da cike fom ta intanet. Biyar daga cikin injinan na hannu ne, irin waɗanda ake samu a Titin Beirut: Dell OptiPlex 7010 guda uku da HP EliteBook 840 G3 guda biyu. Ta shidan ThinkPad T480 ce, tawa ta kaina, ita nake tafiya gida da ita.

Microsoft ya sanar da Windows 11 ranar 24 ga Yuni, 2021, ya kuma saki zubin gwaji na farko ga masu rajistar Insider, wato shirin masu gwada Windows kafin ya fito ga kowa, ranar 28 ga watan. Ban yi gaggawa ba. Sai a ƙarshen Yuli, da ya iso rukunin Beta, matakin gwaji da ya fi na farko kwanciya, na ɗora shi a kan ThinkPad ɗin, na jona mata babban allo da kibod, na ajiye ta a teburin gaba. Na gaya wa yaran shago su riƙa aikin yau da kullum a kanta, kwastoman da ke son gyara rubutunsa da kansa ma a zaunar da shi a nan. Na gaji da karanta ra'ayin mutanen da ke gwada shi a ɗakin da ba a ɗauke wuta, ina so in ji na waɗanda ake biya a kan kowane shafi.

Ido dai ya yaba tun ranar farko. Kusurwoyin tagogi sun zama masu lanƙwasa, launuka sun yi sanyi, ƙarar da yake yi in an kunna shi ba ta razana mutum, kuma an sake shirya shafin Settings ta yadda in kana neman firinta ko Bluetooth ba sai ka yi yawo ba. Wata ɗaliba ta tsaya a bakin tebur ta ce, "Malam, Apple kuka saya?" Abin da ya sa ta faɗi haka shi ne maɓallin Start da gumakan manhajoji sun dawo tsakiyar layin ƙasan allo, wanda mu muke kira taskba. Wannan ne abin da aka fi yin ce-ce-ku-ce a kansa a intanet makonnin farko, amma a shagona bai ɗauki minti ɗaya ba. Akwai wurin mayar da shi hagu a cikin Settings. Na mayar, magana ta ƙare.

Inda aka sami matsala shi ne hannu. Babban mai taifin ɗina ya fi shekara 10 yana wannan aiki, ba ya kallon kibod, kuma yawancin abin da yake yi da maus bai san yana yi ba. Kwana biyu ya yi a kan sabon injin ya ce mini, "Oga, don Allah ka bar ni a kan tsohuwar, wannan tana ci mini lokaci." Na zauna kusa da shi don in ga me yake nufi, na kuwa gani.

In ka danna dama a kan fayil, jerin da ke fitowa yanzu gajere ne. Kwafi, yanka, sauya suna da gogewa a lokacin sun koma 'yan ƙananan gumaka ba rubutu, sauran abubuwan kuma an tura su bayan wani layi mai suna "Show more options". Shi kuwa a rana yakan tura fayil zuwa filash ta "Send to" sau da yawa, kuma tana can cikin abin da aka ɓoye. Dannawa ɗaya ta zama biyu. Na nuna masa cewa Shift da F10 suna fito da tsohon jerin kai tsaye, ya gwada, amma hannun damansa yana kan maus, sai ya saki ya koma kibod. Sannan ga jawo abu zuwa taskba. A Windows 10, in yana haɗa katin biki, yakan kamo hoton amarya daga folda ya ja shi zuwa gunkin manhajar zane ta CorelDRAW da ke ƙasa, tagar ta buɗe, ya sake shi a ciki. A Windows 11 na 2021 wannan ba ya yiwuwa, alamar hani ce ke fitowa. Haka nan in ya buɗe takardun Word guda huɗu, babi na ɗaya zuwa na huɗu na furojet ɗin wani, da can yana sa kowacce ta fito da sunanta a ƙasa. A zubin 2021 duk an cure su a gunki ɗaya, kuma an cire zaɓin raba su. A lokacin, danna dama a taskba ma ba ya ba ka Task Manager, wurin da ake rufe manhajar da ta maƙale, kamar da, sai dai ka danna dama a kan Start ko ka haɗa Ctrl da Shift da Esc.

Ana cewa sabo turken wawa, amma a wurin mai taifin sabo shi ne jarinsa. Abin da ya sa yake gama shafi kafin wani ya kai rabi shi ne hannunsa ya haddace hanya. Kuma ba shi kaɗai ba ne. A Feedback Hub, inda masu gwaji ke rubuta ƙorafinsu, buƙatar a dawo da ja da saki a taskba da buƙatar a bari a mayar da ita sama ko gefen allo suna cikin waɗanda suka fi samun goyon baya a lokacin. Ni ban taɓa mayar da taskba gefe ba, don haka wannan bai dame ni ba. Ja da sakin ne na ji rashinsa, har a nawa aikin.

Akwai wani abu da ban ga an yi maganarsa sosai ba, amma a shago irin namu babba ne. An cire waɗancan akwatunan masu motsi na Start ɗin Windows 10, kuma ba wanda ya yi kewarsu a nan. A rabin ƙasa na sabon Start an sa wani sashe da ke jera fayilolin da aka buɗe kwanan nan da sunayensu. A kwamfutar mutum ɗaya wannan taimako ne. A kwamfutar da mutum ashirin ke zama a kai a rana, wanda ya zo buga katin suna zai ga sunan takardar wanda ya tashi, wataƙila ta kotu ce, wataƙila ta asibiti. Mutane na kawo mana sirrinsu a filash. Ranar da na lura na kashe shi nan take. Ana iya kashe shi, amma a lokacin gurbin ba ya tafiya, sai ya zauna fayau ba komai a ciki. Duk mai shagon da zai ɗora Windows 11, wannan ya fara kashewa kafin ya zaunar da kowa.

Abin da na yaba ƙwarai, wanda har ya sa ni kaina ban koma Windows 10 a wannan injin ba, shi ne tsarin jera tagogi da suka kira Snap Layouts. Ka ɗora maus a kan maɓallin faɗaɗa taga, ko ka danna Windows da Z, sai zane-zanen rabon allo su fito: biyu daidai, ɗaya babba ɗaya ƙarama, uku, huɗu. Ka zaɓi gurbi, tagar ta zauna, ya tambaye ka wacce za ta cike sauran. Raba allo biyu ba sabon abu ba ne, tun Windows 7 ake yi, amma mutane ƙalilan ne suka san da shi domin a ɓoye yake. Yanzu yana gaban ido. Rabin aikinmu kwafe rubutun hannu ne da ɗalibi ya ɗauka da waya ya turo. Ƙaramin yaron shagona, wanda bai fi wata takwas da fara koyo ba, shi ya gano abin da kansa: hoton takardar a hagu, Word a tsakiya, burauza a dama don duba yadda ake rubuta wata kalma. Kuma in na cire igiyar babban allon da yamma na tafi da kwamfutar gida, da safe na mayar, tagogin suna komawa inda na bar su. Shi wannan yaron bai yi ƙorafin danna dama ko sau ɗaya ba, don hannunsa bai riga ya haddace tsohuwar hanyar ba. Yanzu shi ke zama a teburin gaba.

Sauran sabbin abubuwan ba su daɗe a wurinmu ba. Allon labarai da yanayi yana jan data, labaran kuma yawanci ba namu ba ne, na cire gunkinsa. Gunkin hira na Teams ma haka, kowa a nan WhatsApp yake yi. Manhajojin Android ta shagon Amazon, waɗanda matasa suka fi tambaya ta a kai, Microsoft ya riga ya ce ba za su zo ranar fitowa ba. A lokacin, sauya burauza daga Edge zuwa wata ya ƙara tsawo, sai ka bi nau'in fayil ɗaya bayan ɗaya, abin da kamfanonin Mozilla da Opera suka fito suka soka a watan Agustan 2021. Kibod ɗin Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ yana nan, na duba shi da wuri domin muna buga wa malamai rubutun Hausa.

Yanzu in koma kan injinan nan biyar. Sharuɗɗan sun haɗa da RAM gigabait 4, ma'aji gigabait 64, Secure Boot (tsarin da ke hana manhajar ɓarna tashi tare da kwamfuta), da TPM 2.0, wato wani ɗan sashe na tsaro da ke ajiye makullan sirri a inda manhajar ɓarna ba za ta kai gare su cikin sauƙi ba. Wanda ya fi tsauri shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar: a Intel daga zubi na 8 zuwa sama, a AMD daga Ryzen 2000. A ƙarshen Agustan 2021 an ƙara wasu 'yan ƙalilan na zubi na 7, irin waɗanda ba a cika gani a kasuwarmu ba. OptiPlex ɗina zubi na 3 ne, ban yi mamakinsu ba. EliteBook ɗin ne suka taɓa ni: Core i5 zubi na 6, RAM gigabait 8, SSD, suna gudu lafiya lau. Microsoft ya ba da dalilinsa, tsaro da ƙarko, har ya ce a gwajinsa injinan da ba su cika sharuɗɗa ba sun fi sauran faɗuwa da kashi 52 cikin 100. Ban raina maganar tsaro ba. Na ga abin da filash mai bairos ke yi wa furojet ɗin ɗalibi ana saura kwana uku ya miƙa. Amma kwamfutar da wani ofis a Turai ya gama da ita bayan shekara huɗu, ita ce sabuwa a hannun ɗalibin da ya tara kuɗi ya saya a nan. Zubi na 8 a 2017 ya fara fitowa, kuma yawancin abin da nake gani a jakar ɗalibai bai kai nan ba.

Za a iya ɗora shi da hannu a kan injin da bai cancanta ba, na kuma san masu gyara za su yi. Sai dai kamfanin ya ce irin wannan injin ba shi da tabbacin samun sabuntawa, har da ta tsaro. Ba zan yi wa kwastoma haka in karɓi kuɗinsa ba. Masu gyaran su kuma sani cewa nau'in Home yana neman intanet da asusun Microsoft tun wajen saiti na farko, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai ɗora Windows daga filash a rumfar kasuwa.

Ranar 5 ga Oktoba, 2021 ya fito, kyauta ga injin da ya cancanta, kuma an tsara a riƙa turo shi kashi-kashi har tsakiyar 2022. Mai sabuwar kwamfuta da ke aiki da tagogi da yawa zai ji daɗinsa. Wanda abincinsa ke kan saurin hannu, a lokacin na ba shi shawara ya dakata ya ga ko za a dawo da abubuwan da aka cire daga taskba. Kafin ya fito, a 2021, wata malamar firamare da muke buga wa jarrabawa ta zo da EliteBook irin nawa, hankalinta a tashe, an gaya mata kwamfutarta za ta daina aiki a Oktoba, tana tambaya ko ta sayar tun tana da daraja. Na ce, "Hajiya, kada ki sayar. Windows 10 zai ci gaba da samun sabuntawa har 14 ga Oktoba, 2025." Na rubuta mata ranar a bayan rasit ɗinta, na duba mata batir, ta mayar da ita jaka.